Tambaya ga nas-nas na ɗakin yara: lissafin magani ne matsalarmu ko aiki ne ya fi ƙarfinmu?

Nas_Kawo ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah ina so waɗanda suka riga mu a aikin nan su ba ni amsa tsakani da Allah, musamman masu aiki a EPU (ɗakin gaggawa na yara) ko SCBU (ɗakin jarirai marasa lafiya) ko ɗakin kulawa ta musamman na yara, don abun ya tsaya min a rai tun mitin ɗin da aka yi mana.

Ni nas ce a wani asibiti a nan cikin garin Kaduna, ba sai na faɗi suna ba. An tara mu aka ce wai an bi foldojin yara an ga matsaloli wajen ba da magani, allurar ƙarfe 10 ta koma 12, wani wurin ba a sa hannu ba, wani wurin an rubuta an bayar amma ba a rubuta mil nawa aka ja ba, saboda haka za a shirya mana wokshop na lissafin magani kuma kowa sai ta zauna jarrabawa. Ni wallahi ban ƙi wokshop ba, ilimi ai ba ya yawa, amma abin da ya ƙona min rai shi ne babu wanda ya ɗaga zancen cewa mu biyu ne a dutin dare, in ɗaya ta tafi karɓo jini ko ta raka yaro ɗakin hoto shikenan kin zama ke kaɗai, ga gadaje a cike har ana haɗa yara biyu a gado ɗaya tunda damina ta yi nisa maleriya ta buɗe. Wannan yana jijjiga, wancan kanularsa ta fita sai an sake neman jijiya, can oksijin ya ƙare, an ɗauke wuta ana jiran a tada janareta kina riƙe da fitilar waya a baki kina jan magani a sirinji, ga uwa ta kamo miki riga tana cewa sista zo ki ga numfashinsa ya canza, kuma da gaskiyarta, ba za ki ce mata ta jira ba. A cikin wannan halin ne ake so in zauna in lissafa miligiram kaza sau kilo kaza, in raba da abin da ke cikin kwalba, in nemo wata ta duba min lissafin. Wa zan nemo? Ita ma tana can tana fama.

Toh tambayata ita ce, ku da kuka daɗe, ina ainihin matsalar take? Mu ne ba mu iya lissafin maganin yara ba kamar yadda manya suke nunawa, ko kuwa ko farfesa aka kawo aka ba shi wannan dutin sai ya yi tuntuɓe? Sannan in akwai dabarun da kuke yi a naku ɗakin waɗanda ba sai an jira gwamnati ta ɗauki ma'aikata ba, don Allah ku taimaka. Na gode.

Hajiya_Mataron ta amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Na karanta kuma na tausaya miki, na san dutin dare na ɗakin yara, na yi shi tun kafin a haifi wasunku. Amma zan faɗa miki abin da ba lallai ya yi miki daɗi ba. Kar ki bari yawan aiki ya zama mafakar da za a ɓoye rashin sani a bayanta. Duka biyun suna nan, kuma wanda yake hannunki shi ne na biyun.

Kafin in yi ritaya duk sabuwar nas da aka turo min sai na yi mata tambaya ɗaya a tsaye, nakan ce yaro mai kilo 8 likita ya rubuta ruwan da zai riƙe shi na kwana ɗaya, digo nawa za ki sa a minti? Lissafin ba wuya, kilo 10 na farko mil 100 ne a kowane kilo, kenan mil 800 a awa 24, ya kama wajen mil 33 a awa. In buret, wato layin ƙarin ruwa na yara, kika ɗaura, wanda digo 60 ne mil ɗaya, to digo 33 za ki ƙirga a minti. In kuma layin manya aka sayo miki daga kemis, mai digo 20 a mil, digo 11 kacal ne. Wadda ba ta san bambancin nan ba za ta ƙirga 33 a layin manya hankalinta kwance, ta ɗura wa yaro ninki uku na abin da aka rubuta, kafin asuba fuska ta kumbura numfashi ya dagule, a ce ciwo ne ya ci ƙarfinsa. Wannan ba yawan aiki ba ne 'yata, ko yaro ɗaya aka ba ta haka za ta yi. Kuma da yawa masu sakamako mai kyau daga makaranta sai su tsaya suna kallona.

Haka zancen sikeli. Ina roƙonku da girman Allah ku daina kintatar nauyin yaro da ido. Wannan lissafin da ake koyarwa na a ƙara 4 a kan shekaru a ninka biyu, na gaggawa ne, kuma ba da yaranmu masu tamowa aka auna shi ba. Zai ce miki ɗan shekara 2 kilo 12 ne, ki ɗora shi a sikeli ki ga 7. In kika bi kintace kusan ninki biyu kika ba shi na komai, ga hanta da ƙoda dama a gajiye. Yaro ya shigo, in dai ba ana ceton numfashinsa ba ne, sikeli tukuna, a rubuta kilo da babban rubutu a saman takardar magani, ba a can cikin folda inda sai an yi bincike ba.

Abu biyu kuma da ya kamata ko daga barci aka tashe ki ki faɗe su. Sugan yaro ya faɗi, ruwan sugan allura da ke cikin tire mai kashi 50 ne, ba a tura wa yaro shi haka, kashi ɗaya nasa kashi huɗu ruwan allura shi ne zai ba ki mai kashi 10. Sai adirinalin, allurar tada zuciya, ƙaramar kwalbar da muke da ita 1:1000 ce, in zuciyar yaro ta tsaya mil 1 za ki ja ki ƙara mil 9 na salin ya zama 1:10,000, sannan ki ba da mil 0.1 a kowane kilo. Lokacin da ake danna ƙirjin yaro ba lokacin buɗe Google ba ne.

Amma fa ban ce manyanku suna da gaskiya ɗari bisa ɗari ba. A ƙa'idar ɗakin kulawa ta musamman, yaron da injin ke yi wa numfashi nas ɗaya ce a kansa ita kaɗai, waɗanda suka ɗan fi shi sauƙi nas ɗaya yara biyu. Abin da kika kwatanta ko kusa bai yi kama da haka ba. Ki je wokshop ɗin, ki ci jarrabawar da kyau, sai bakinki ya yi nauyi ranar da za ki ce a ƙaro hannu.

Ɗan_Famasi_TW ya amsa:

Mama ta gama magana, Allah ya ƙara lafiya. Ni ta ɓangarenmu na famasi zan shigo, don akwai wani abu da ba a cika faɗa ba, mafi yawan allurorin da ke ɗakin yara ba don yara aka ɗura su a kwalba ba. Na manya ne. Babba sau da yawa kwalba ɗaya ce allurarsa, a fasa a ja a bayar. Yaro kuwa kullum wani ɗan yanki ne na kwalbar, shi ya sa kowace allura sai an yi lissafi, kuma shi ya sa kuskuren da ake yi a yara yakan zama na ninki goma, ɗigon lamba ne kawai ya gusa. Babba in za ki ba shi ninki goma sai kin fasa kwalba goma, hannunki ma zai gaya miki akwai matsala. Jariri kuwa ninki gomansa yana cikin kwalba ɗaya, sirinji ɗaya, babu abin da zai ja hankalinki.

Ɗauki jentamaisin, allurar kashe ƙwayoyin cuta, mai miligiram 80 a mil 2. Jariri ɗan kwana uku mai kilo 3, a miligiram 5 kowane kilo, 15 kenan, wato mil 0.375. Don Allah da sirinjin mil 5 ta yaya za ki auna wannan? Ba ya aunuwa, kintace ne. Ko dai a samo sirinjin mil 1, ko a ƙara wa kwalbar ruwan allura mil 6 ta zama mil 8, kowane mil miligiram 10, sai ki ja mil 1.5 cikin kwanciyar hankali. Kuma maganin nan in ya yi yawa kunne da ƙoda yake taɓawa, yaro ya warke a sallame shi lafiya lau, sai ya shekara biyu a ga ba ya waigowa in an kira shi, babu wanda zai tuna da wata allura.

Atesunet kuma, allurar maleriya mai tsanani, tunda lokacinsa muke ciki. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ne a kowane kilo, ba 2.4 ba, amma har yau akwai masu 2.4 a ka ga kowa da kowa, to nan kuma ƙasa da ƙima ake ba yaro. Kwalba mai miligiram 60, a narka da bikabonet ɗin da ya zo da ita mil 1, a jira ya washe, a ƙara salin mil 5, ya zama miligiram 10 a mil in ta jijiya ce. Yaro mai kilo 12 miligiram 36, mil 3.6. Sauran da ya rage ba a ajiye shi don allura ta gaba da ake yi bayan awa 12, in ya wuce awa ɗaya da haɗawa zubarwa ake yi, na san iyaye suna jin zafin kuɗin amma haka abin yake. Matsala ta biyu, akwai mai 30 akwai mai 120, an rubuta wa uba takarda ya fita cikin dare ya zaga kemis-kemis ya dawo da wadda ya samu, nas ta saba da mai 60 hannunta ya haɗa yadda ya saba ba tare da ta karanta jikin kwalbar ba.

Likitoci ma ba zan ƙyale su ba. A daina rubuta 1.0, ɗigon ya ɓace a kwafi ya zama 10. A daina rubuta .5 ba sifili a gaba, ana karanta shi 5. Maikirogiram a rubuta shi cikakke, insulin a rubuta yunit cikakke don harafin nan U shi kaɗai yana komawa sifili. Kuma a rubuta miligiram nawa a kilo aka yi amfani da shi a gefe don nas ta iya bin sawun lissafin. Sista in rubutu bai karantu ba ki kira mai rubutun, ko zai ɓata rai.

Sai abubuwan da nake ganin bai kamata a bar wa ƙwaƙwalwar mutum mai gajiya ba sam. Potasiyam kulorayid bai kamata ya zauna a tire ɗaya da ruwan allura da salin ba, kwalaben suna kama, kuma shi in aka tura shi kai tsaye a jijiya zuciya tsayawa take yi, a kulle shi wani wuri daban. Allurar seftiriyazon da ruwan ƙari na Ringa, wanda yake da kalsiyam a ciki, ba sa haɗuwa a layi ɗaya, a jarirai sabbin haihuwa ma an fi tsananta hanin. Ki ga waɗannan ba ilimi kaɗai ba ne, tsarin ɗaki ne. Shawarata ku zauna da famasist ɗinku da likitan yara ku fitar da jadawali, magungunan gaggawa a jere, kilo 2 zuwa 20 a gefe, a rubuta mil nawa za a ja kai tsaye, a manna a bango kusa da inda kuke haɗa magani da jikin tiren gaggawa. Ƙarfe ukun dare ki duba ki ja, ba ki yi lissafi ba.

Bro_Sabo_RN ya amsa:

Da girmamawa Mama, amma ni gaskiya na gaji da wannan zancen na ku koyi lissafi ku koyi lissafi. Duk lokacin da abu ya faru nas ake kamawa a tura wokshop saboda wokshop ya fi ɗaukar ma'aikata araha, a raba mana ruwan leda da mitfai a ɗau hoto shikenan an magance matsala. Direba ko ya shekara talatin yana tuƙi, in ya kwana a hanya daga Legas bai runtsa ba, gyangyaɗi ba ya tambayarsa lasisi kafin ya kai Kakau. Mutum ya yi dare bakwai a jere, ya fito da safe ya hau keke napep biyu kafin ya isa gida, ga yara ga girki ga zafi ba wuta balle barci, ya dawo da daddare, a ce wai matsalarsa bai san 15 sau 8 ba.

Shugaban majalisar nas-nas da ungozoma ta ƙasa da bakinsa ya ce a farkon 2024 nas 42,000 ne suka bar ƙasar nan cikin shekara uku. Kuma su wa suke tafiya? Waɗanda suka goge, waɗanda za su kalli sirinji daga nesa su ce ke wannan ya yi yawa. Sai a bar sabbi da sabbi suna koya wa juna. Maimakon a gyara abin da ke korarsu sai aka fito a 2024 da dokar sai ka yi shekara biyu kana aiki kafin a tantance maka takardun fita aiki waje. Yajin aikin gargaɗin da ƙungiyar nas-nas da ungozoma ta ƙasa, NANNM, ta shiga ƙarshen Yulin 2025, ɗaukar ƙarin ma'aikata yana cikin abin da aka nema, ba alawus kaɗai ba.

Sannan wa zai kai rahoton kuskure a inda ya san kwari, wato takardar tuhuma, za a ba shi a kira shi gaban kwamiti? Kowa shiru yake yi. Ko a Amurka ma, nas ɗin nan ta jihar Tenesi da ta ɗauko maganin da ba shi ba a 2017 majinyaciyar ta rasu, ita ta faɗi abin da ya faru da bakinta, duk da haka kotu ta same ta da laifi a 2022. To mu nan fa?

Maman_Ikram ta amsa:

Ku yi haƙuri ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, tela ce ni a Rigasa, ƙanwata ce ta turo min wannan don ta san na yi jinyar 'yata bara lokacin da maleriya ta taɓa mata kai. Ina so in faɗi yadda abin yake daga inda muke zaune a kan tabarma gefen gado.

Wallahi mun ga wahalar nas-nas da idonmu, akwai wata baiwar Allah da tun da ta shigo da daddare ban ga ta zauna ba har aka kira asuba, shayin da ta haɗa yana nan a tebur ya huce. Amma abin da na lura, mu iyaye ba a gaya mana komai. A zo a yi allura a tafi, in ka tambaya a ce Hajiya ki bari mu yi aikinmu. Alhali ni ce ban motsa daga gefen yarinyar ba, ni na san an yi mata allura bayan isha'i ko ba a yi ba, ni na ga ruwan da aka ɗaura ya ƙare da wuri ko ya tsaya. A gadon kusa da mu akwai wata kaka da ta zo da jikanta daga ƙauye, jiki ya yi zafi cikin dare ta duba ba nas a kusa, ta ciro farasitamol ɗinta daga jaka ta ɗura masa, ga rubutu da jiƙo a gora tana ba shi a ɓoye, bayan ɗan lokaci nas ta zo da nata farasitamol ɗin. Ni na ce sista yanzu fa aka ba shi. Da ban yi magana ba da an haɗa masa biyu. Ita kakar ba mugunta ta yi ba, babu wanda ya zaunar da ita ya ce kar ki ba shi komai sai kin tambaya.

Don haka ni roƙona, in aiki ya yi muku yawa ku ɗauke mu a matsayin masu taimako mana. Ki ce min Maman Ikram allurarta uku ce yau, ƙarfe kaza da kaza, in lokaci ya wuce ki tuna min, in kin ga ruwan nan yana gudu ki kira ni. Ba za mu iya lissafinku ba amma muna iya kallon agogo. Allah ya saka muku da alheri, aikinku sai Allah.

Malama_Tutor ta amsa:

Na ji daɗin zaren nan. Ni ina koyarwa a makarantar jinya, kuma ina ganin Mama da Sabo kowa ya riƙe gefe ɗaya na gaskiya, amma in aka ce in zaɓa, na fi karkata wajen Sabo da kaɗan, ga dalilina.

Binciken da aka yi a asibitocin koyarwa biyu a Boston aka wallafa a 2001 ya nuna kuskuren maganin da zai iya cutarwa ya ninka sau uku a yara in aka gwada da manya, kuma jarirai na ɗakin kulawa ta musamman su suka fi shiga haɗarin. Wannan a inda suke da famasist da injin ƙarin ruwa da komai. A 2002 Linda Aiken da abokan aikinta suka duba asibitoci 168 a jihar Pensilbaniya suka ga duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas, yiwuwar mutuwa cikin kwana 30 tana ƙaruwa da kashi 7 cikin ɗari, manya ne da aka yi wa tiyata ba yara ba, amma saƙon a fili yake. Wanda ya fi shafar abin da Nas_Kawo ta kwatanta shi ne na Sidni a Ostireliya, 2010, an bi nas-nas ana kallonsu suna haɗa magani, aka ga duk katsewa ɗaya da aka yi musu kuskure yana ƙaruwa da wajen kashi 12 cikin ɗari. Waɗannan nas-nas ɗin sun iya lissafi. Katse su aka yi. Ɗalibar da ta ci min jarrabawa a aji shiru ga fanka, ita ce dai za ta rikice in mutum uku suna kiran sunanta lokaci ɗaya. Shi ya sa ma shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2017 na rage mummunar illar magani da rabi cikin shekara biyar bai tsaya kan horar da ma'aikaci kaɗai ba, ya haɗa da tsarin aiki da su kansu magungunan da majinyata da iyalansu, abin da Maman Ikram ta faɗa kenan ba tare da ta karanta ba.

Inda Mama take da gaskiya kuwa, abin da ya zauna a ka daram ya fi jure gajiya a kan wanda aka haddace don jarrabawa. Wokshop na yini ɗaya a shekara ba ya zaunar da komai. Minti biyar a wajen handoba, lokacin miƙa duti, lissafi ɗaya da kwalbar gaske a hannu, kullum, ya fi shi nesa ba kusa ba.

Game da a samu wata ta duba miki, kar ku ce kowane magani sai mutum biyu, ba zai yiwu ba kuma zai koma sa hannu kawai. Ku ware kaɗan masu kisa, potasiyam, insulin, adirinalin, aminofilin, finobabiton, mofin, digozin. Waɗannan ko likitan da ke duti ne a kira shi ya yi nasa lissafin daban ba tare da kin gaya masa amsarki ba, don in kika ce 0.4 ne ko, zai ce eh ne kawai. Sannan duk sirinjin da aka ja a manna masa filasta a rubuta sunan yaro da na magani, ko da kina ganin yanzu za ki bayar, don yanzun nan ne ake kiranki. Ku kuma riƙa rubuta adadin yara da adadin nas na kowane duti a littafin rahoto, da duk allurar da ta makara da dalilinta. Ranar mitin takarda za ki ajiye a tebur, ba ƙorafi ba.

Nas_Kawo ta sake rubutawa:

Kai, na gode ƙwarai wallahi, Mama na karɓi faɗan, Allah ya bar mana ku. Maman Ikram kin ba ni abin da zan fara tun dutin gobe. Malam Ɗan_Famasi zancen jadawalin nan ya shige ni, akwai wani da na gani ana yawo da shi a wani guruf na WhatsApp, in na buga shi na manna ya wadatar ko sai mun yi namu?

Ɗan_Famasi_TW ya amsa:

A'a sista kar ki manna na WhatsApp, ba ki san da wane ƙarfin kwalba aka lissafa shi ba, wataƙila na wata ƙasa ne inda adirinalin ɗinsu ya zo a sirke. Ku yi naku da kwalaben da famasinku yake bayarwa, kowane layi a rubuta ƙarfin kwalbar da yadda ake sirka ta, mutum biyu su lissafa daban-daban a gwada, babban likitan yara ya sa hannu da kwanan wata. Duk ranar da sito suka canza kamfani ko ƙarfin wani magani a cire shi a gyara. Ki sa a leda kafin ki manna, bangon wajen sinki yana jiƙewa.